Rijiyar da ke Shafi na Bakwai

"Saura minti goma!" in ji Tela, ya buga ƙaton almakashinsa a kan teburin yanka har allurai suka yi tsalle a cikin gwangwani.

Matarsa ba ta ko ɗago kai ba. Tana zaune a kujerar da masu kawo ɗinki ke jira a kai, ta ɗora littafi a kan katakon guga, biro na ta gudu a hannunta. Gumi ya tsatsafo mata a saman hanci. A bakin ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida kuwa, Inna ce zaune, mahaifiyar Tela, ta dogara sandarta a gwiwa, ta haɗe rai kamar ba ta taɓa dariya ba. Ita aka ba aikin gadin jarrabawa, kuma ta riƙe shi da hannu bibbiyu.

"Na ga ta waiga," in ji Inna.

"Inna, ƙuda na kora."

"A jarrabawa ba a korar ƙuda. Ki bar shi ya ci rabonsa."

A ofishin kwalejin da take aiki, ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Yatsa Goma ake ce mata. Shekara ashirin da ɗaya tana buga takardu, tun zamanin tafireta mai ƙararrawa har aka kawo kwamfuta, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa dawo mata da takarda an ce akwai kuskure ba. Tana bugu tana hira, tana bugu tana amsa gaisuwa, idonta na wajen taga. Ita da hannunta ta buga sanarwar da ta ce duk ma'aikacin ofis da bai kawo shaidar karatu mai zurfi ba zuwa ƙarshen baɗi, za a sallame shi. Ta buga ta tsaf, ta kai aka sa hannu, ta manna a allo, sannan ta koma kujerarta, ita kanta ba ta da shaidar.

Sai ta shiga ajin ƙarshen mako na kwalejin. Duk darussan ta haye su lafiya, in ban da tarihi. Sau biyu tana zama, sau biyu tana faɗuwa, dokar makaranta kuma ta ce wanda ya faɗi sau uku ya kama gabansa. Ba wai ba ta san karatun ba ne. Tarihi ma shi ta fi so. Abin da ya kayar da ita shi ne, ashe a cikin yatsu goman nan da take taƙama da su, uku kaɗai ake shiga ɗakin jarrabawa da su, su ukun kuma sun manta yadda ake riƙe biro tun tana budurwa. A zaɓi tambaya uku a amsa, awa biyu, rubutun hannu. Kafin ta kai rabin ta biyu sai tsintsiyar hannunta ta ƙage, tunani yana can gaba yana gudu, hannu yana nan baya yana ɗingishi.

"Lokaci ya yi! A ajiye biro!"

Tela ya fizge takardun, ya jera su a kan tebur baki da baki, ya zaro tef daga wuyansa ya auna. Ya girgiza kai.

"Farfesa, shafi uku da rabi. Wannan ko hannun rigar jariri ba zai fitar ba."

"Ka karanta mana ka ji abin da ke ciki."

"Ni tela ne. In yadi bai isa ba, kyan zanensa ba ya rufe cibiya."

Ta jefe shi da murfin biro, ya kauce, Inna ta ce duk su biyun ta kore su daga jarrabawar.

*

Ranar Lahadi, a barandar azuzuwa, ta ci karo da Cika-Shafi. Direba ne a wani kamfani, tare suka fara karatun, amma shi tun bara ya haye tarihi ya bar ta a baya. Mutum ne mai faɗin baki da faɗin rubutu, kalma huɗu ke cika masa layi.

"Yaya, har yanzu kina fama da Malam Taƙi?"

"Wane ne kuma Malam Taƙi?"

"Malamin tarihi mana. Ai da taƙi yake auna amsa, ba da ido ba." Ya ware babban yatsa da manuni ya nuna mata. "Ki saurare ni, ni ƙaninki ne, ba zan cuce ki ba. Shafin farko ki yi masa kwalliya. Shafin ƙarshe ki yi masa kwalliya. Tsakiya kuwa, Allah ne gatanta. Ni bara a tsakiyar tambaya ta biyu yadda ake juyen man inji na rubuta, shafi biyu cur, har da wanke filogi. Kin ga sakamakona dai."

"Kai dai ka cika ƙarya."

"Wallahi. Ɗalibi ɗari shida, malami ɗaya, a ce ya kawo sakamako cikin sati biyu. Ke in ke ce, aljana ce ke?"

Ranta ya ɓaci sosai, don tana ganin girman malamin nan. Siririn mutum ne mai tsohuwar jaka, kullum alli a gefen hularsa, kuma a ranar farko ya faɗi maganar da ta zauna mata a rai. Ya ce tarihi ba haddar shekaru ba ne, tambaya ce guda ɗaya, me ya sa. Mutumin da ya faɗi haka ba zai auna tunanin mutane da taƙi ba.

"Shafi zan cika," ta ce wa Cika-Shafi. "Amma ba da man inji ba."

"To, Allah Ya ba da sa'a. Ni dai na fita haƙƙinki."

*

Daga ranar gidan Tela ya koma sansanin horo. Lokacin hutun rana a ofis, abokan aikinta na cin abinci, ita tana kwafe da hannu abin da ta gama bugawa da safe. Tela ya duba biron ya ce ya yi siriri, shi ya sa take matse shi kamar zai gudu. Ya yanko ragowar yadi mai laushi ya ɗinka masa riga, har da ɗan aiki a wuya. Ya kuma ce ta saki rubutun.

"Ɗinkinki ya cika ƙanana. Ki buɗe shi. Mai sauri dogon ɗinki yake yi."

Inna kuwa ita ce likita. Da la'asar ta dafa ruwa, ta gasa mata hannun da tsumma, ta murza yatsun ɗaya bayan ɗaya tana yi musu faɗa. Shafi uku da rabi ya zama biyar. Biyar ya zama bakwai. Ranar da tef ya nuna tara, Tela ya rage wa wani mai kawo ɗinki kuɗin aiki don murna, daga baya ya yi ta cizon yatsa.

Wata la'asar Inna na gashin hannu, Yatsa Goma na karanta darasi a bayyane don ya zauna, darasin yadda hanyoyin fatauci ke raya garuruwa, in sun kauce kuma garuruwan su mutu. Inna ta tsaya da murzar.

"Ke 'yar nan, wa ya ba su labarin garinmu?"

"Ba garinku ba ne, Inna, littafi ne."

"To littafin bai ji labarin duka ba. Ajiye shi ki ji."

Ta ajiye. Inna ta ce a garin da aka haife ta kasuwa ake ci har ƙura ta rufe rana. Sai aka zo aka shimfiɗa titi, ya wuce can nesa da su, tafiyar rabin yini. Motoci suka riƙa tsayawa a mararraba. Mai shayi ne ya fara tashi, sai mahauci, sai maƙeri, sai wanzami ya ce shi kan mutane yake bi, inda suka tafi can zai je.

"Kin ji dai, duk maza. Amma gari bai mutu ba. Da safe su tafi mararraba, da yamma su dawo, don a can ko ruwan alwala sai an saya. Shekara bakwai ana haka. Mu muna gida, muna da rijiyarmu, wa zai tashe mu? Sai wani mai taurin kai ya haƙa rijiya a mararraba, aka yi ta yi masa dariya, ya kuwa tarar da ruwa mai daɗi. Kafin kaka biyu, 'yar nan, kuraye ke kwana a rumfunan kasuwarmu. Maza hanya suka bi. Gari kuwa sai da mata suka bi ruwa sannan ya mutu."

Yatsa Goma ta zare hannunta daga ruwan ɗumi, ta goge a zane, ta ɗauki biro mai riga.

"Inna, ƙara faɗa mini a hankali."

"Rubutawa za ki yi? Malaminku zai gani?"

"In tambayar ta fito, wallahi sai ya gani."

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kamar malamin na bakin ƙofa.

*

Ɗakin jarrabawar babban zaure ne mai fanka takwas, uku ke juyawa. An jera kujeru har jikin allo, an ƙara wasu a baranda. Teburin da ya faɗo wa Yatsa Goma ƙafarsa ɗaya gajera ce, ta naɗe takardar shiga ta cusa a ƙarƙashi. Na damanta yana ta motsa baki yana maimaita shekarun yaƙe-yaƙe, ta hagu ta jera biro biyar kamar za ta buɗe shago. Agogon bango ya tsaya a ƙarfe huɗu da rabi tun wani zamani, don haka lokaci yana hannun mai gadi, wani gajeren mutum mai amon murya.

"A buɗe takarda!"

Ta buɗe, idonta ya sauka a kan tambaya ta huɗu. Hanya ce ke raya gari, kuma ita ke kashe shi. Tattauna. Dariya ta kufce mata, mai gadi ya harare ta, ta mayar da ita tari.

Ta fara da wata tambayar don hannu ya yi ɗumi, sannan ta shiga ta huɗu. Ta kawo abin da littafi ya ce, ta ba shi haƙƙinsa, daga nan ta ce amma akwai abin da littafi bai ji ba. Shafi na shida da na bakwai duk Inna ce a ciki, da mai shayi, da wanzami, da mai taurin kai. Ba ta taɓa jin daɗin rubutu irin na ranar ba. Hannun ya yi zafi, ya yi tsami, amma bai ƙage ba. Ta gama amsarta ta ƙarshe a ƙasan shafi na goma sha ɗaya, daidai lokacin da mai gadi ya ce saura minti uku.

Mai hankali sai ya ajiye biro ya gode wa Allah. Amma hali zanen dutse. Mai buga takarda ba ta miƙa aiki ba ta duba ba. Ta koma baya tana bin layi da yatsa, sai ga shi a tsakiyar shafi na bakwai, a wurin da ya fi ko'ina muhimmanci, ta rubuta "rijya". Harafi ɗaya ya faɗi a cikin saurin. Kowa a zauren nan zai soke ya rubuta a sama. Ita kuwa shekara ashirin da ɗaya ba ta taɓa soke kalma ba. Ta zaro 'yar kwalbar farin ruwan gyara da ba ta rabuwa da ita, ta girgiza, ta ɗiga. Ruwan ya tsufa ya yi kauri, ya sauko ƙato guda ya malale kalmar da maƙwabtanta. Ta shiga hura masa iska.

"A ajiye biro! Baiwar Allah, ke nake wa magana!"

"Ɗan dakata ya bushe, kalma ɗaya zan mayar."

Mai gadi ya zare littafin amsar daga ƙarƙashin hannunta, ya rufe shi fat, ya ɗora a kan tulin da ke hammatarsa, ya ɗora na gaba a kai.

A gida ta ba da labari, rabi murna rabi takaici. Shafi goma sha ɗaya, amma Malam zai zo kan rijiya ya tarar da farin fili, ya ce wannan ba ta san aikinta ba.

"Shafi goma sha ɗaya!" in ji Tela. "Wannan ai babbar riga ce har da wando. Wa zai tsaya duba maɓalli ɗaya?"

"Zai gane rijiya ce," in ji Inna. "Mai ilimi ne. Me kuma mata za su bi in ba ruwa ba?"

*

Bayan sati biyu aka manna sakamako. Yatsa Goma ta bi lambobi da yatsa, ta kai kan tata, ta wuce, ta dawo. Sittin da biyu. Ta sa wata ɗaliba ta karanta mata don kada a ce idonta ne. Sittin da biyu dai. Aikinta ya tsira, kujerarta ta tsira.

Ranar Tela bai ƙara taka keke ba. Ya cire tef daga wuyansa ya rataya mata kamar lambar yabo, ya ce daga yau duk mai son ganin Farfesa sai ya cike takarda. Maƙwabta suka shigo, aka sayo lemo, Inna ta taka rawa da sanda taku uku ta ce gwiwa ta ce ya isa. Da hayaniya ta lafa, ta jawo surukarta gefe.

"To, me ya ce a kan rijiyar?"

"Inna, maki kawai ake mannawa. Abin da ya rubuta yana cikin littafin."

"Littafin yana ina?"

Littafin yana sito, a bayan ofishinsu, kuma Mai Sito tsohon abokin aikinta ne, ita ta buga masa takardar neman ƙarin girma har sau uku. Ita kanta son ganin take. Tana so ta ga jan biron Malam a gefen shafi na bakwai, ko da kalma ɗaya ce, ko da faɗa ne a kan farin filin.

Ranar Litinin da hutun rana ta same shi yana gyangyaɗi a kan benci.

"Doka ta hana," in ji shi, yana laluben makulli. "Amma doka ba ta taɓa buga mini takarda ba. Gani kawai, ba fita da shi."

Ɗakin na warin tsohuwar takarda. Ɗauri-ɗauri ne tun daga ƙasa har rufi, kowanne da shekararsa a jiki. Na ƙasa sun zama gari, hanyoyin gara sun hau bango.

"Kin ga manyan malamanmu nan," in ji Mai Sito, ya nuna garar da makulli. "Su ba sa tsallake shafi."

Ta yi dariya. Suka sauko da ɗaurin tarihi, ta bi lambobi har ta zaro nata. A bango an rubuta sittin da biyu da jan biro. A kusurwa kuma ga wata ƙaramar lamba an kewaye ta, goma sha ɗaya.

"Wannan fa?"

"Yawan shafi ne, lambar na ƙarshe kawai ake dubawa. Kowanne akwai." Ya zaro na kusa ya nuna mata, huɗu a kusurwa, talatin da biyar a tsakiya. Ya zaro wani, tara, hamsin da shida. "Kada ki ga laifinsa da yawa. A baro aka kai masa su, ni na tura. Ana gobe zai kawo sakamako aka ƙara masa na wani ajin."

Ta buɗe shafin farko, ga jan maki guda a gefe. Na biyu fes. Na uku fes. Ta juya na biyar, sai ta ga ta faɗo a na takwas. Ta koma baya. Na shida da na bakwai sun manne da juna a tsakiya, daidai inda farin ruwan ya sauka, sun bushe sun zama takarda ɗaya mai kauri. Ba yagewa, ba alamar farce, ba ko lanƙwasar kusurwa. Yadda mai gadi ya rufe shi, haka yake.

Ta sa farcenta a bakin shafin. Ta ji takardar ta fara ɗan ƙara, za ta ɗaye rubutun. Sai ta janye hannu. Ta daɗe tsaye da littafin, ga shi kuwa ta ci jarrabawa, ba ta da bakin kuka.

"Kin ga abin da kike nema?" in ji Mai Sito.

"Na gani."

Ta mayar da shi tsakanin mai huɗu da mai tara, ta taya shi ɗaure igiyar.

*

Da ta dawo gida Tela na bakin keke yana bin rediyo da waƙa, ya ɗaga mata almakashi ya ce ran Farfesa ya daɗe. Ta yi masa murmushi ta wuce. Inna na tsakar gida a kan tabarma, ta riga ta dafa ruwan gashi don sabo, ko da yake jarrabawa ta wuce. Ta kama hannun surukarta ta tsoma.

"Kin gano littafin?"

"Na gano, Inna."

"Ya karanta wurin rijiyar?"

Yatsa Goma ta dubi yatsunta a cikin ruwan. Gefen na tsakiya ya yi kanta, inda biro ke zama.

"Bai kai wurin ba tukuna."

"Ayya. Mai aiki ne, a bi shi a hankali." Inna ta matse tsumman, ta naɗe mata hannun. "Gara ma da bai kai ba. Jiya ina kwance na tuna, na yi miki kuskure. Ba shekara bakwai maza suka yi suna jeka-ka-dawo ba, tara ce. Ki je ki faɗa masa ya gyara kafin ya karanta, kada bawan Allah ya koya wa 'ya'yan mutane ba daidai ba."

"To, Inna."

A shago keken Tela ya ci gaba da ƙara. Biro mai riga na nan a kan katakon guga, kusa da tef.